Tarihin Rediyon Sha'awa da Gudummawarsa ga Sadarwar Duniya

Gabatarwa

Kafin wayar salula ta game gari, da wuya a sami Bahaushen da bai san kalmar "gajeren zango" ba. Da ita masu gabatar da shirye-shirye suke buɗe baki, su jero mita 16 da mita 19 da mita 25 da mita 31, mai sauraro kuwa ya yi ta murɗa akwatinsa har muryar ta fito tangaran. Ta wannan hanya ce Sashen Hausa na BBC ya fara isa kunnen jama'a a 1957, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, sannan Rediyon Faransa a 2007. Mutumin Damagaram da na Zangon Kumasi da na Garwa da na Anjamena duk labari ɗaya suke ji a lokaci ɗaya. Abin da mafi yawan masu sauraro ba su sani ba shi ne, akwai zamanin da gwamnatoci da manyan kamfanoni suka ɗauki gajeren zango a matsayin fili marar amfani, har suka jefa shi ga wasu mutane da suke ganin sun dame su da hayaniya. Waɗannan mutane su ne masu rediyon sha'awa, kuma su ne suka fara nuna wa duniya darajar abin da aka ba su don raini. Wannan muƙala ta bi diddigin tarihinsu, da irin rawar da suka taka a fagen sadarwa, da kuma matsayin ƙasashen da ake jin Hausa a cikin wannan tarihi.

Ma'anar Rediyon Sha'awa

Ya kamata a fara bambance abubuwa uku da ake iya cakuɗawa. Na farko shi ne gidan rediyo, wanda yake watsa shiri ga jama'a baki ɗaya, yana magana su kuwa suna saurare. Na biyu shi ne rediyon oba-oba na sojoji da ƴan sanda da ma'aikatan jiragen sama, wanda kayan aiki ne na hukuma ko na kamfani. Na uku shi ne rediyon sha'awa, inda mutum shi kaɗai yake kafa tasha a ɗakinsa, da na'urar aikawa da ta karɓa da eriya, ya yi magana da wani ɗan'uwansa a gari na gaba ko a wata nahiya. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, ta ware wa wannan rukuni nasa matsayi a cikin dokokinta. Manufarsa uku ce: koyar da kai, da sadarwa tsakanin ma'abotansa, da binciken fasaha. Sharaɗinsa kuwa shi ne a yi shi don son abin kawai, ba don neman kuɗi ba.

Daga nan ne sunan ya samo tushe. Kalmar da Turawa suke amfani da ita a Ingilishi da Faransanci ta fito ne daga kalmar Latin mai ma'anar masoyi. A Ingilishi kuma akan yi wa mai wannan aiki laƙabi da "ham", wanda asalinsa zambo ne da ƙwararrun ma'aikatan tangaraho suke yi wa wanda hannunsa bai faɗa ba. Waɗanda aka yi wa zambon suka karɓe shi, suka mai da shi kirari.

Aikin yana da ƙa'idoji. Ba a hawa iska sai da lasisin gwamnati, wanda akan samu bayan cin jarrabawa a kan ilimin lantarki da dokokin sadarwa. Ba a yin talla, ba a sa kiɗa, ba a watsa shiri ga jama'a, kuma ba a ɓoye ma'anar saƙo. Kowace tasha tana da lambar kira wadda dole ta riƙa ambata, domin duk mai saurare ya san wanda yake magana da kuma ƙasar da yake.

Mafarin Wayar Iska

Tarihin ya faro ne daga tangaraho. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙo ta waya daga Washinton zuwa Baltimo, da wani tsari na gajeru da dogayen bugu waɗanda suke wakiltar haruffa. Bayan kimanin shekara ashirin, masanin lissafi James Clerk Maxwell ya nuna a takarda cewa lallai akwai igiyoyin lantarki da maganaɗisu da suke tafiya a sarari da saurin haske. Bajamushe Heinrich Hertz ya tabbatar da haka a ɗakin gwaji tsakanin 1887 da 1888. Sai kuma wani saurayi ɗan Italiya, Guglielmo Marconi, ya fara gwaje-gwaje a gidan mahaifinsa kusa da birnin Bolonya a 1895. Ba shi da digirin jami'a, karatun littattafai da gwajin hannu ne suka kai shi inda ya kai, shi ya sa masu rediyon sha'awa suke ƙirga shi a cikin kakanninsu. Ranar 12 ga Disamba 1901 ya bayyana cewa ya ji harafin S, wato gajerun bugu uku, a tsibirin Niyufawunlan, an aiko shi daga Kudu maso Yammacin Ingila, tazarar kimanin kilomita 3,500 a kan tekun Atilantika.

Labarin ya zaburar da matasa a Turai da Amurka. Kayan aikin wancan zamani ba su da wuyar haɗawa: naɗin wayar tagulla, da batir, da mabuɗin bugu, da wani ɗan giɓi da tartsatsin wuta yake tsallakewa. Matsalar na'urar tartsatsi ita ce ba ta tsayawa a zango ɗaya, ƙararta takan mamaye fili mai faɗi, ta yadda yaro ɗaya a saman soro yana iya toshe saƙon jirgin ruwan yaƙi. Babu doka, babu lasisi, kowa yana zaɓar wa kansa lambar kira. Duk da haka ƙungiyoyi suka fara kafuwa: ta Ostareliya a 1910, wadda ita ce mafi daɗewa cikin ƙungiyoyin ƙasa, da ta Landan a 1913, wadda daga baya ta zama ƙungiyar Birtaniya baki ɗaya.

Dokar 1912 da Kyautar Raini

A daren 14 ga Afrilu 1912 jirgin ruwan Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara, ya nutse kafin wayewar gari, mutane fiye da 1,500 suka halaka. Wayar iska ce ta kira jirgin Carpathia wanda ya tsamo kimanin mutum 700. Amma a kwanakin da suka biyo baya iska ta cika da saƙonni masu karo da juna, har wasu jaridu suka buga cewa kowa ya tsira. Aka ɗora wa masu rediyon sha'awa babban kaso na laifin wannan ruɗani. A watan Agusta na shekarar Amurka ta kafa dokar rediyo, wadda ta wajabta lasisi, ta ƙayyade ƙarfin na'ura, sannan ta kori masu sha'awa daga dogayen zanguna. Aka ce su tsaya a mita 200 zuwa ƙasa.

Don a fahimci nauyin wannan hukunci, sai a san abin da "mita" take nufi a rediyo. Tsawon igiya ɗaya ce daga tudu zuwa tudu. Gwargwadon gajartar igiya, gwargwadon yawan kaɗawarta a cikin daƙiƙa. Idan aka raba 300 da adadin megahaz, sai a sami tsawon a mita: mita 200 ita ce megahaz 1.5, mita 20 kuwa tana wajen megahaz 15. Masanan wancan lokaci sun yi imani cewa dogayen igiyoyi, masu dubban mita, su ne kaɗai suke iya bin doron ƙasa su yi nisa. Gajeru kuwa, a ganinsu, ba za su wuce ƴan kilomitoci ba. Don haka masu dokar suna tsammanin sun tura waɗannan matasa ne inda za su gaji su daina.

Da farko kamar hasashen zai tabbata, domin tashoshin ba sa jin juna daga nesa. A 1914 wani injiniya mazaunin Hatfod a jihar Konetikat, Hiram Percy Maxim, ya so ya aika saƙo zuwa garin Sifirinfil da bai kai kilomita 50 ba, amma na'urarsa ta gaza. Sai ya roƙi wata tasha da take tsakani ta karɓa ta miƙa. Daga nan tunani ya zo masa na haɗa tashoshi su zama sarƙa, saƙo ya riƙa tafiya hannu da hannu kamar yadda fatake suke yada zango. Shi da wani matashi Clarence Tuska suka kafa ƙungiyar ARRL a wannan shekara, suka fara buga mujallar QST a ƙarshen 1915. Wannan Maxim ɗa ne ga Hiram Stevens Maxim, wanda ya ƙera bindigar nan mai ruwan harsashi da sojojin Birtaniya suka yi amfani da ita a kan Kano da Sakkwato a 1903.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917 aka rufe dukkan tashoshin sha'awa, dubban ma'abotansu suka shiga soja a matsayin masu aikin sadarwa. Bayan yaƙi rundunar ruwa ta so ta riƙe iska gaba ɗaya a hannunta. Sai da ARRL ta yi ta kai gwauro tana kai mari a majalisa kafin a sake buɗe tashoshin a 1919.

Gano Sirrin Gajeren Zango

Yaƙin ya bar wata gagarumar riba, wato kwalbar lantarki, wadda take fitar da igiya tsabtatacciya a kan zango ɗaya, kuma take ƙara ƙarfin sigina mai rauni. Da ita aka fara tunanin tsallake teku. A Disamban 1921 ARRL ta tura Paul Godley zuwa Sikotilan da na'urar karɓa mafi inganci. Ya kafa tanti a wani fili a bakin teku kusa da garin Ardrossan, cikin ruwan sama da sanyin hunturu, ya kwana yana saurare dare bayan dare. Ya ji tashoshin Amurka fiye da ashirin, kuma ɗaya daga cikinsu, mai lamba 1BCG, ta aiko masa da cikakken saƙo. Akasarin waɗanda aka ji masu kwalbar lantarki ne, wannan kuwa ya zama sanadin mutuwar na'urar tartsatsi.

Saura a yi magana a mayar da amsa. A ƙarshen Nuwamban 1923 Bafaranshe Léon Deloy, mai lamba 8AB a birnin Nis, ya yi musayar saƙo kai tsaye da Fred Schnell da John Reinartz a Konetikat. Abin lura shi ne sun sauko ne zuwa wajen mita 100, rabin iyakar da doka ta gindaya, sai sigina ta ƙara ƙarfi maimakon ta ragu. A Oktoban 1924 wani matashi a Landan, Cecil Goyder, ya yi magana da wani makiyayin tumaki a Niyu Zilan, Frank Bell, wato kusan iyakar nisan da wurare biyu za su iya yi a bayan ƙasa. Da aka ƙara saukowa zuwa mita 40 da mita 20, sai aka tarar ana iya tsallake nahiyoyi da rana tsaka, da wutar da ba ta fi ta ƙwan fitila ba.

Dalilin haka yana can sama. Tun daga kimanin kilomita 60 har zuwa ɗaruruwan kilomitoci a samaniya, hasken rana yana canza iskar wurin ta zama mai ɗauke da cajin lantarki. Wannan rufi yana tanƙwaro gajerun igiyoyi su dawo ƙasa, ƙasa ko teku ta sake cilla su sama, su yi ta tsalle har su zagaya duniya. Tsalle ɗaya yana iya kai wa kilomita 4,000. Oliver Heaviside da Arthur Kennelly sun yi hasashen wannan rufi a 1902, Edward Appleton ya tabbatar da shi da gwaji a 1924. Da yake rana ce take sarrafa shi, halinsa yana sauyawa tsakanin dare da yini, da tsakanin damina da rani, da kuma bisa zagayen ɗigon rana na kimanin shekara 11. Wannan ne ya sa gidajen rediyo suke ba da mita dabam don shirin safe da na dare.

Adalci ne a faɗi cewa Marconi da injiniyoyinsa su ma suna gwajin gajerun igiyoyi a waɗannan shekaru. Bambancin shi ne masu rediyon sha'awa dubbai ne, a warwatse a faɗin duniya, suna gwaji kowane dare suna buga sakamakon a mujallunsu kyauta. Babu kamfanin da zai iya biyan ma'aikata masu wannan yawa. Nan da nan gwamnatoci da kamfanoni suka yo ca a kan filin da suka yar, ɗan hakin da aka raina ya tsone ido. A 1932 BBC ta buɗe sashenta na watsa shiri ga ƙasashen daular Birtaniya a kan gajeren zango, wanda a ƙarƙashin inuwarsa ne Sashen Hausa ya tsiro bayan shekara 25.

Tsari da Al'adu

Ganin cewa za a iya ƙwace filin gaba ɗaya, wakilan masu rediyon sha'awa na ƙasashe fiye da ashirin suka taru a Faris, suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, ranar 18 ga Afrilu 1925, da Maxim a matsayin shugaban farko. Har yau ana bikin wannan rana kowace shekara. A taron rediyo na duniya da aka yi a Washinton a 1927 aka yanka musu filaye tabbatattu a mita 160 da 80 da 40 da 20 da 10. Taron 1979 ya ƙara musu mita 30 da 17 da 12. Mai akwatin gajeren zango da yake neman tasha a mita 41, idan ya ɗan zarce ƙasa da megahaz 7.2, zai faɗa filinsu, ya ji ƙarar bugun Morse ko wasu muryoyi masu kama da na agwagwa, waɗanda sai da na'ura ta musamman suke fita sarai.

Taron na 1927 ya kuma raba wa ƙasashe haruffan da lambar kira take farawa da su. A zamanin mulkin mallaka tashar Nijeriya tana farawa da ZD2, ta Gwalkwas da ZD4, ta ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Faransa da FF8. Bayan samun mulkin kai kowace ƙasa ta sami nata: Nijar 5U, Nijeriya 5N, Gana 9G, Kamaru TJ, Cadi TT, Sudan ST, Binin TY, Togo 5V, Burkina Faso XT.

Aikin ya haifar da nasa harshe, abin da zai ja hankalin ɗalibin nazarin harsuna. Mai neman abokin magana yakan buga CQ, ma'ana kowa da kowa. QTH tana nufin wurin da mutum yake, QSL tana nufin saƙo ya iso, 73 kuwa gaisuwar ban kwana ce. Da waɗannan gajerun alamu Bajafane da Barashe suke fahimtar juna ba tare da ɗaya ya ji harshen ɗaya ba. Bayan an yi magana akan aika wa juna kati ta gidan waya don shaida, mai ɗauke da rana da lokaci da zango. Tun daga 1937 ARRL take ba da takardar yabo ga duk wanda ya tara shaidar ƙasashe da yankuna 100, daga cikin jerin da yanzu ya kai 340. A kan iska ba a kiran sarauta, suna da lamba kawai ake ambata. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana da lamba JY1, kuma yakan yi hira da talakawan wasu ƙasashe da sunansa na yanka. Rajiv Gandhi na Indiya shi ma yana da tasa, VU2RG.

Ranar Wuya

Babbar hujjar da masu rediyon sha'awa suke kare filayensu da ita ita ce aikinsu a lokacin bala'i. Wayar salula tana dogara ne da dogayen turaku, da wutar lantarki, da wayoyin da aka binne a ƙasa ko a teku. Idan ɗaya ya yanke, duka sun tsaya. Tashar sha'awa kuwa batirin mota da waya mai tsawon mita ashirin da aka rataya a bishiya sun ishe ta, babu kowa tsakaninta da wanda take kira.

An ga haka tun da wuri. A watan Mayun 1928 jirgin balan-balan mai suna Italia, ƙarƙashin Janar Umberto Nobile, ya faɗi a kan ƙanƙarar tekun Arewacin duniya. Mai kula da sadarwar jirgin, Giuseppe Biagi, ya gyara wata ƴar na'urar gajeren zango ya yi ta kiran neman agaji kwana da kwanaki, jirgin ruwan da yake rakiyarsu bai ji ba. Wanda ya fara ji, ranar 3 ga Yuni, wani saurayi ne a wani ƙauyen Rasha, Nikolai Schmidt, da akwatin da ya haɗa da hannunsa. Ya sanar da hukuma, kuma a watan Yuli jirgin fasa ƙanƙara mai suna Krasin ya kwaso waɗanda suka rage.

A daren 31 ga Janairun 1953 ambaliyar teku ta fasa madatsun Holan ta kashe mutum fiye da 1,800, ta kuma yi ɓarna a gabashin Ingila. Layukan tarho suka mutu, masu rediyon sha'awa suka zama bakin yankunan da ruwa ya yanke. A wannan shekara aka kafa rundunar agajinsu ta Birtaniya mai suna RAYNET. A yaƙin Bosniya na shekarun 1990, lokacin da aka yi wa Sarayebo da wasu garuruwa ƙawanya, ta bakinsu iyalai da yawa suka san wanda yake raye da wanda ya rasu. Ranar 26 ga Disamban 2004, sa'ad da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, ta tarar da wata tawaga ƙarƙashin Bharathi Prasad, wadda ta je don tara ƙasashe kawai. Nan take suka ajiye wasa suka koma isar da saƙonnin hukuma da na iyalai zuwa babban yankin ƙasar. A Satumban 2017 guguwar Maria ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na turakun salula a tsibirin Puwato Riko, har ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta roƙi ARRL ta aiko da masu aikin sa kai, aka tura mutum 22 da kayansu.

Daga Ɗakin Kwana zuwa Sararin Samaniya

Gudummawarsu ga kimiyya ba ta tsaya a shekarun 1920 ba. A 1937 Grote Reber ya gina wani faranti mai faɗin mita tara da ɗoriya a bayan gidansu a jihar Ilinoi, ya zana taswirar farko ta igiyoyin rediyo da suke fitowa daga taurari. A Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta ɗauki fiye da dubu daga cikinsu a asirce, suna sauraren saƙonnin ƴan leƙen asirin Jamus daga gidajensu. Ranar 12 ga Disamban 1961, shekara 60 cif bayan gwajin Marconi, kuma shekara huɗu kacal bayan Sputnik, aka harba OSCAR 1, tauraron ɗan'adam na farko da ba gwamnati ce ta ƙera shi ba. Nauyinsa bai kai kilo biyar ba, ya yi kusan mako uku yana buga gaisuwa da harufan Morse. A 1983 ɗan sama jannati Owen Garriott ya yi magana da tashoshin ƙasa daga cikin kumbon Columbia, kuma tun daga 2000 ɗaliban makarantu suke yi wa mazauna tashar sararin samaniya tambayoyi ta wannan hanya. Joseph Taylor, wanda ya sami kyautar Nobel a fannin fiziks a 1993, shi da Steve Franke sun fito da tsarin FT8 a 2017, wanda yake sa kwamfuta ta tsamo saƙon da kunnen mutum ba ya iya ji. Tun a 2003 aka soke wajabcin iya Morse a dokar duniya, amma har yanzu dubbai suna amfani da shi, domin da tsohuwar zuma ake magani: bugunsa yana ratsa hayaniyar da murya ba ta iya ratsawa.

Matsayin Ƙasashen da Ake Jin Hausa

A nan ne tarihin yake da giɓi. Amurka tana da masu lasisi fiye da 700,000, Jafan tana da dubban ɗaruruwa, ƙungiyar Afirka ta Kudu kuwa ta kafu tun 1925. A Nijar da Cadi da maƙwabtansu tashoshin ƴan ƙasa ƙalilan ne ƙwarai. Akasarin waɗanda suka ɗaga lambar 5U ko TT baƙi ne: ma'aikatan agaji, da jami'an jakadanci, da ƴan mishan, da tawagogin Turawa da suke zuwa su yi mako biyu su koma. Saboda ƙarancin tashoshin, duk sa'ad da aka ji ɗaya daga cikin waɗannan lambobi sai dubban masu kira su yi mata rubdugu. Duniya tana ɗokin jin waɗannan ƙasashe, amma sau da yawa muryar da take amsawa da sunansu ba ta ɗan ƙasa ba ce.

Dalilan a bayyane suke. Mulkin mallaka ya riƙe na'urar aikawa a hannun hukuma, gwamnatocin soja da suka biyo baya kuma suna kallon duk mai eriya a gida da idon tuhuma, musamman da yake da gidan rediyo ake shelar juyin mulki. Ga tsadar kaya, ga rashin wuta, ga rashin wanda zai koyar ya kuma shirya jarrabawa. Matsalar tsaro a yankin Sahel ta ƙara wa hukumomi ɗari-ɗari. Wannan tsoro yana da dalili, sai dai ya kamata a auna shi da cewa mai lasisi sananne ne, da suna da adireshi, yana ambaton lambarsa a kowace magana, kuma doka ta hana shi ɓoye abin da yake faɗa.

Ƙofofi kuma sun fara buɗewa. Ɗaliban jami'ar All Nations da take Koforiduwa sun shiga wani shiri na Jafan, a 2017 aka harba GhanaSat-1, tauraron Gana na farko, wanda ya riƙa aiko da sigina a filin masu rediyon sha'awa, tare da wani takwaransa na jami'ar fasaha ta Akure. A Nuwamban 2018 Ƙatar ta harba tauraron Es'hail-2, ɗauke da na'urar da aka keɓe wa masu rediyon sha'awa, wadda ake kira QO-100. Yana tsaye wuri ɗaya a saman Afirka ta Tsakiya, inuwarsa ta rufe nahiyar duka, daga gabashin Birazil har zuwa Tailan. Da ƙaramin faranti irin na talabijin, mai lasisi a Agadas yana iya magana da Akara ko Hartum dare da rana.

Kammalawa

Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da suke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace, harkokin bankuna da ofisoshi suka tsaya cik a ƙasashe da dama, ciki har da Gana da Binin da Kwaddibuwa. A damina ta wannan shekara ambaliya ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu a Nijar da Cadi da Maiduguri. Irin waɗannan ranaku ne ƙasashen da suka raini masu rediyon sha'awa suke cin moriyarsu. Tarihin da aka bayyana a sama ya nuna cewa ba a samar da irin waɗannan mutane da umarni a rana ɗaya. Schmidt da Bharathi Prasad sun yi amfani a ranar wuya ne saboda sun shafe shekaru suna wasa da na'urorinsu a ranakun daɗi. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yankin da yake cike da masu gyaran rediyo da na salula a kowace kasuwa, da matasan da suke haɗa na'urori daga tarkace, ba basira ya rasa ba. Abin da ya rage shi ne doka mai sauƙin bi, da jarrabawar da ake shiryawa a kai a kai, da kulob a makarantun fasaha da jami'o'i, da kuma littattafan koyarwa cikin Hausa, waɗanda rubuta su aiki ne da yake jiran ɗaliban wannan harshe.